Yadda ake haɗa La2CuO4 a gano zafin da maganaɗisunsa ke jeruwa

La2CuO4 haɗi ne na lanthanum, tagulla da oksijin. Fara da gasa garin La2O3 (haɗin lanthanum da oksijin) a digiri 900 na Salshiyos kafin ka auna shi, domin yana shan danshi, kuma awon da aka yi da jiƙaƙƙen gari yakan ɓata lissafi. Ga giram 5, haɗa giram 4.02 na La2O3 da giram 0.98 na CuO (haɗin tagulla da oksijin). Niƙa sosai, a gasa a kusan digiri 950, a sake niƙawa, a maimaita har hoton hasken X ya nuna babu ragowar CuO.

Nan ne aikin yake: iskar oksijin. Idan ta yi yawa cikin samfurin, zafin Néel, wato zafin da maganaɗisun ke jeruwa, yakan sauko ƙasa da kelbin 325 da ake tsammani (kelbin ma'aunin zafi ne), wani sashe ma ya fara wuce da lantarki ba turjiya a wajajen kelbin 30. Don haka a sake gasa shi cikin iskar argon, a bar shi ya huce a ciki.

Sa shi a na'urar SQUID, mai auna ƙarfin maganaɗisu, ka auna daga kelbin 200 zuwa 350. Ƙololuwar da za ta fito a zanen awon ita ce alamar jeruwar, saboda maganaɗisun tagullar da ke fuskantar saɓanin juna sun ɗan karkata daga shimfiɗar CuO2, wato shimfiɗar tagulla da oksijin da ke cikin samfurin. Ƙololuwa mai faɗi na nufin oksijin bai daidaita ba.