Ƙawar da ta yi nisa, ki jawo ta da adashi

'Yan uwa mata, idan zumuncinki da ƙawayen ƙuruciya ya yi sanyi, ku kafa ƙaramin adashi. Ku huɗu ko biyar, naira dubu biyu duk wata.

Ni sai da na kusa shekara hamsin na farga ba na ganin aminiyata sai a gidan biki ko wajen ta'aziyya. Mu gaisa a tsaye, "ya yara, ya maigida?", kowa ta kama mayafinta. Babu faɗa tsakaninmu. Hidimar yara da aurar da su ce ta cinye mu.

Adashi yana ba ki dalilin fita. "Zan zo wata rana" ba ta da rana, amma ranar zubi tana da ita. Mai kwasa ita ke dafa shayi, a gidanta ake haɗuwa. Kada ki yarda a riƙa turo kuɗin ta waya, ƙafa muke so.

Sai dai kada kuɗin ya yi yawa. Wadda ta kasa zubi kunya za ta sa ta daina ɗaga wayarki.

In kuma akwai tsohon ɓacin rai tsakaninku, adashi ba zai wanke shi ba. Wannan sai kin je ɗakinta ke kaɗai.