Yadda ake neman izinin ɗaukaka ƙara a shari'ar da ba ta laifi ba

Mutane da yawa da zarar an kayar da su a kotu sai ka ji suna cewa ai zan yi afil, kamar abu ne da za ka tashi da safe kawai ka tafi. Wani afil ɗin haƙƙinka ne, wani kuma sai ka nemi izini tukun, in ka shigar babu izinin nan korar ƙarar za a yi, komai gaskiyarka, kuɗin lauya kuma sun tafi.

To fara duba wane iri ne naka. Sashe na 241 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya lissafo inda ba ka buƙatar izini. Babba a ciki, in Babbar Kotu ce ta fara jin shari'ar kuma ta yanke hukuncin ƙarshe, wuce abinka Kotun Ɗaukaka Ƙara. Haka in kukanka a kan doka ne zalla. Abin da bai shiga wannan jerin ba sai ya faɗa sashe na 242, wato sai da izini.

Inda aka fi faɗawa rami wuri biyu ne. Na farko hukuncin tsakiyar shari'a, misali alƙali ya ƙi ba ka dama ka gyara takardun ƙararka, shari'a ba ta ƙare ba. Na biyu, rikicin bashi ko haya da ya faro daga ƙaramar kotu, aka kai Babbar Kotu afil, can ma ka faɗi, yanzu kana son hawa na gaba, to in kukan naka ya taɓa yadda aka auna shaidu ko da ya haɗu da doka, izini dole. Hukuncin da kuka yi sulhu kotu ta tabbatar shi ma haka, da wanda yake kan kuɗin ɗawainiya kaɗai. Wanda ba ya cikin ƙarar amma hukuncin ya taɓa shi, kamar a ce gonar da aka yi shari'a a kanta da rabonsa a ciki, shi ma sai ya nemi izini.

Sai lokaci, nan fa ake kuka. Hukuncin tsakiya kwana 14 ne kacal, na ƙarshe wata 3. Kuma ba wai ka shigar da roƙon kawai ba ne, a cikin kwanakin nan ake so a ba ka izinin har ka shigar da sanarwar afil ɗin, ga shi kuma kotunanmu sai a ɗage zama alƙali ya tafi taro, kwana 14 kamar yau ne. Don haka ranar da aka yanke hukunci, ranar lauyanka zai nemi kwafin hukuncin mai hatimi a wurin rajistara.

Kotun da ta yanke hukuncin ita ake fara roƙa, sai dai in akwai dalili na musamman. Lauya zai rubuta roƙon, a haɗa da takardar rantsuwa, da kwafin hukuncin, da dalilan afil ɗin da kake son shigarwa, a kai wa abokin shari'a nasa. In ta ƙi, kana da kwana 15 ka kai roƙon Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke kula da jiharka, Kano ce ko Kaduna ko Sakkwato ko Jos, ka haɗa da takardar ƙin da aka yi maka.

In lokaci ya riga ya wuce fa? Babbar Kotu ba ta da ikon ƙara maka, sai can sama, kuma roƙo uku ake yi a takarda ɗaya: ƙarin lokacin neman izini, izinin kansa, da ƙarin lokacin shigar da afil. Ka manta ɗaya an gama. Za ka kawo gamsasshen dalilin jinkirinka, ka kuma nuna afil ɗin yana da abin dubawa, ba wai ina ta fama da hidima ba.

Ni dai a ganina in lauya yana kokwanton dalilin nan doka ce zalla ko ta gauraya da hujja, gara kawai ya nemi izinin, don manyan lauyoyi ma suna zamewa a nan. Kuma afil ba ya dakatar da hukunci fa, in an ce ka tashi daga gidan ko ka biya kuɗin, roƙon dakatarwa daban ake shigarwa, in ba haka ba kana can kana jiran ranar zama ma'aikatan kotu za su zo ƙofar gidanka.