Yadda za a ɗauki 'yar aiki ba tare da an ci guminta ba

A gidaje da yawa na Kano, Kaduna, Abuja da sauran birane, wadda ke riga kowa tashi ita ce ke bayan kowa kwanciya, kuma sau da yawa ba ta ma san nawa ake biya a kanta ba. Talauci ne ya sa iyayenta suka sako ta daga ƙauye, la'ada ce ta sa dillaliya ta kawo ta, amma harkar aikatau ba za ta tsayu ba in babu gidan da ke neman mai aiki da araha. Gidan nan kuwa namu ne. Ba mu muka jawo talaucin ƙauye ba, amma yadda yarinya za ta zauna a gidanmu, da abin da zai shiga hannunta a ƙarshen wata, mu ke yankewa.

Ku fara da shekarunta

Kafin a yi maganar kuɗi, a tambayi shekaru. Dokar yaƙi da safarar mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ta ce ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida laifi ne, hukuncinsa ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta ma fi haka tsauri, don ta hana sa yaro aikatau a wajen gidansu ko na danginsu, kuma yaro a wurinta shi ne wanda bai cika 18 ba. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne ku ɗauki babba: bazawara, ko matar da ke neman abin riƙe 'ya'yanta.

Dillaliya kan ƙara wa yarinya shekaru, don haka kada ku tsaya a bakinta. Ku nemi takardar haihuwa ko lambar NIN. In babu, ku yi magana da uwar yarinyar ko mahaifinta kai tsaye, ku ji ajin da ta tsaya a makaranta da wanda take bi a ɗakinsu. Dillaliyar da ta ƙi haɗa ku da iyayen, ku bar cinikin nan take. Akwai abin da take ɓoyewa, ko dai kuɗin, ko yadda ta samo yarinyar.

Nawa ya kamata a biya

Nan ne yawancinmu ke faɗuwa, saboda muna auna albashi da abin da maƙwabta ke bayarwa. Ku auna shi da awa. A ce kuna biyan naira 10,000 a wata, yarinya na aiki daga ƙarfe 6 na safe zuwa 8 na dare, babu ranar hutu. Awa 14 sau kwana 30 ya ba da awa 420. Kowace awa ba ta kai naira 24 ba. Duk wanda ya yi wannan lissafi a takarda, zai yi masa wuya ya sake cewa taimakon iyayenta yake yi.

Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun Yulin 2024 naira 70,000 ne. Dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka ba ta tilasta wa gida, amma ma'auni ce mai kyau. Ku raba 70,000 gida 26, kwanakin aiki in an cire hutun mako, za ku samu kusan 2,700 a rana, wato wajen naira 337 a awa in aikin na awa 8 ne. Mai zuwa ta yi awa 4 ta koma gida, rabin wannan ke nan, 35,000.

Wani zai ce ai tana ci tana kwana a gidan. Gaskiya ne abinci kuɗi ne, amma kwananta a gidan ku yake amfana, don shi ya sa ake iya tashinta cikin dare in jariri ya yi kuka. Kada a mai da tuwo da tabarma su zama rabin albashi.

In aljihunku bai kai ba, ku rage aikin, kada ku rage ladan. Ku ɗauki mai wanki sau biyu a mako, ko mai shara da wanke-wanke ta awa uku da safe, sauran ku raba wa 'ya'yan gida, maza da mata. Gidan da ba zai iya biyan mai aiki ta wuni ba, bai kamata ya ajiye mai aiki ta wuni ba.

Ku bi kuɗin har hannunta

Wasu dillalai kan ɗauke albashin watan farko gaba ɗaya, wasu su yanki kaso kowane wata, wasu su karɓa da sunan za su kai wa iyaye, abin da ya isa ƙauye kuma Allah kaɗai ya sani. Maganin wannan shi ne ku biya la'adar dillaliya daga aljihunku, sau ɗaya, a wuce wurin. Albashi kuma ya shiga hannun mai aikin, ko asusun banki mai sunanta. In ta zaɓi a tura wa iyayenta wani kaso, ku tura a gabanta, ta kira su ta ji ya shiga.

Ku sayi ƙaramin littafi. Kowane wata a rubuta rana, adadi, ta sa hannu ko ta dangwala. Ku tsai da ranar biya kada ta motsa. Hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe kowa ya haddace shi, kuma bai ware 'yar aiki ba.

Akwai al'adar da ake yi da kyakkyawar niyya amma tana cutarwa: uwar gida ta riƙe albashin da sunan ajiya, sai za a yi wa yarinya kayan ɗaki. Illarta biyu ce. Ta farko, kuɗin na narkewa. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100, ma'ana naira 100,000 da aka ajiye shekara guda ba ta sayen fiye da abin da wajen 75,000 ke saye a farko. Ta biyu, wadda kuɗinta ke hannunku ba ta iya tafiya ko da ana cutar da ita. In ita ce ta nemi a tara mata, a riƙa sayen kayan a hankali, kwano ko atamfa ko katifa, tana gani, ana rubutawa. Kuma kada a cire kuɗin farantin da ya fashe. Mai wanke kwanuka sau uku a rana dole wata rana wani ya suɓuce.

Zama a cikin gida

Ku faɗi aikin dalla-dalla tun ranar farko, a gaban shaida, mai unguwa ko wani dattijo: shara, wanke-wanke, raino, ko girki. Matsalar da aka saba gani ita ce a ɗauko ta don raino, bayan wata biyu ta zama mai wanki, mai ɗebo ruwa, mai kai niƙa, har da talla, albashi kuwa yana nan inda yake. In aiki ya ƙaru, kuɗi ya ƙaru.

A ba ta yini guda cur a mako. Yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago ta duniya kan masu aikin gida, mai lamba 189 ta 2011, ta sa hutun mako ya zama aƙalla awa 24 a jere. A tsai da lokacin tashi daga aiki da dare, a bar ta ta je gida da Sallah da kuɗin motarta, kuma kada a karɓe mata waya.

Abinci daga tukunyar gida, a kan lokaci, ba ƙanzo da ragowar yara ba. Hadisin Abu Zarri a fili yake: ku ciyar da su daga abin da kuke ci, ku tufatar da su daga abin da kuke sawa, kada ku ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. Wurin kwana kuwa ya zama ɗaki mai ƙofar da ke kulluwa ta ciki, da gidan sauro, ba kicin ko falo ba. Wannan maganar kulle ba ƙarama ba ce. Yarinyar da ke nesa da iyayenta, wadda ta san ba za a yarda da maganarta ba, ita ce ta fi saukin cutarwa a wurin mazan gida da baƙi. Kada a aike ta ɗakin samari, kuma ta ji daga bakin uwar gida cewa in wani ya taɓa ta, ta faɗa, za a saurare ta.

Ku koya mata kunna gas da kashe shi kafin ku bar ta da shi, ku ba ta safar hannu in za ta yi aiki da bilic. In ta yi zazzaɓi, asibiti da magani a kanku ne, haka sabulu da audugar mata.

In abu ya ɓace, kada a doke ta, kada a tuɓe ta, kada a kulle ta a ɗaki. A fara bincikar kowa a gidan, har 'ya'yan masu gida. In zargi ya yi ƙarfi, a kira shaidan da aka yi yarjejeniya a gabansa.

In akwai ƙaramar yarinya a gidanku yanzu

Kada ku mayar wa dillaliya da ita gobe don ku wanke hannunku, domin wani gidan za ta kai ta, wataƙila wanda ya fi muni. Ku je wurin iyayen da kanku. In za ta koma gida, ku kai ta hannunsu da cikakken kuɗinta, ku duba ko uwarta ko yayarta babba za ta karɓi aikin, don kada kuɗin da gidan ya dogara da shi ya yanke. In kuwa 'yar dangi ce da za ta zauna a matsayin riƙo, to riƙon ya zama na gaske: boko da islamiyya tare da 'ya'yanku, aikin gida daidai da nasu. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9, firamare da ƙaramar sakandare, a kan kowane yaro, kuma alhakin yana kan wanda yaron ke hannunsa.

Ranar rabuwa da babbar mai aiki, ku sanar da ita wata guda kafin lokaci, ku biya ta har ranar ƙarshe, ku haɗa da kuɗin mota. In kuma a maƙwabta kuke jin ihun yarinya kullum, ko kuka ga tabon ƙuna ko na bulala a jikinta, ku fara da mai unguwa. In bai yi komai ba, ku kai maganar ofishin NAPTIP mafi kusa ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ku faɗi ranar da kuka ga abin da kuma irin raunin.