Yadda Ake Haɗa Shayin Citta Da Ganyayyaki Don Sauƙaƙa Tari

Mafi yawan tarin da ke biyo bayan mura ƙwayoyin bairas ne ke kawo shi, kuma yakan tafi da kansa cikin makonni 2 zuwa 3. Maganin antibayotik ba ya yi masa komai. Abin da mai tarin yake buƙata kafin lokacin shi ne sauƙi: maƙogwaro ya daina ƙaiƙayi, kaki ya tsinke ya fita, in dare ya yi a samu barci. Shayi mai ɗumi yana iya wannan aikin, amma sai an haɗa shi daidai, domin da yawa wajen dahuwa ake zubar da amfanin kayan.

Da farko a saurari tarin

Busasshen tari, wanda ke sosa maƙogwaro ba ya fitar da komai, yana son abin da zai lulluɓe wurin ya kwantar da ƙaiƙayin. Nan zuma ce kan gaba, kanumfari ya taimaka mata. Tari mai kaki kuwa ba a so a danne shi, domin hanyar da jiki yake share huhu ke nan. Abin da yake so shi ne ruwa mai ɗumi da yawa, da citta, da ganyen tayim, wannan dai da ake sa wa girki. A Jamus hukumar da ke tantance magungunan tsirrai ta daɗe da amincewa da tayim wajen tarin ƙirji.

A raba kayan gida biyu

Wannan shi ne matakin da aka fi yi wa sakaci. Citta, kanumfari da kirfa masu tauri ne, sai sun tafasa suke saki. Na'a-na'a da tayim kuwa ganye ne, amfaninsu yana cikin wani mai da ke tashi tare da tururi. Wanda ya zuba su gaba ɗaya ya bar tukunya a buɗe tana tafasa, ƙamshin da ya cika gidan shi ne maganin da ya tsere masa.

A tafasa masu tauri

A samu ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa, a wanke, a yanka sirara ko a daddaka. Ba dole sai an kankare ɓawon ba idan ta wanku. A zuba ta cikin ruwa kofi 2, kimanin rabin lita, a ƙara kanumfari 3 ko 4. Idan ya tafasa a rage wuta, a rufe, a bar shi minti 10 zuwa 15. Mai amfani da garin busasshiyar citta ya tsaya a rabin cokalin shayi, domin bushewa tana ƙara mata zafi ƙwarai. Kanumfari ma kada a cika hannu. Yana da sinadarin da ke ɗan kashe raɗaɗi, shi ya sa likitocin haƙori suke aiki da shi, amma in ya yi yawa shayin zai yi ɗaci ya dami ciki.

A sauke, sannan a zuba ganye

Bayan an kashe wuta sai a zuba cokalin shayi ɗaya na busasshen tayim, ko 'yan ganyen na'a-na'a ɗanye. A mayar da murfi nan take, a jira minti 5 zuwa 10. In an buɗe, ruwan da ya taru a cikin murfin a karkaɗe shi ya koma tukunya, sannan a tace.

Game da na'a-na'a ya kamata a san wani abu. Sanyin da take sa wa hanci yana sa mutum ya ji numfashinsa ya buɗe, alhali toshewar tana nan. Duk da haka jin daɗin ba abin rainawa ba ne ga wanda barci ya gagara.

Zuma a ƙarshe

A bar shayin ya huce har a iya kurɓarsa ba tare da hura shi ba, sannan a zuba zuma cokalin shayi 1 zuwa 2, a matsa lemun tsami kaɗan in ana so. A cikin kayan nan duka, zuma ce ta fi samun goyon bayan bincike. A 2019 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kula da lafiya a Ingila, ta sa ta cikin abubuwan da mai sabon tari zai iya gwadawa a gida. Ni a ganina wanda ba shi da komai sai zuma da ruwan ɗumi ya riga ya samu mafi yawan abin da ake nema.

Jiran hucewar ma yana da dalilinsa. Maƙogwaron da tari ya riga ya goge ba ya buƙatar ƙuna, kuma a 2016 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan sabawa da shan abin da zafinsa ya wuce digiri 65 a ma'aunin Celsius. A sha a hankali, kurɓi-kurɓi, sau 2 ko 3 a rana, na ƙarshe dab da kwanciya. A riƙa dafa sabo kullum.

Waɗanda za su yi hattara

Jaririn da bai cika shekara 1 ba, kada a ba shi zuma ko ɗigo, ko a shayi ko a kan yatsa. Tana iya ɗaukar ƙwayar cutar da hanjin jariri bai iya yaƙarta ba, wadda ke shanye masa jijiyoyi har numfashi ya gagara. Tafasa ba ta kashe wannan ƙwayar. Yaron da ya wuce shekara 1, rabin cokalin shayi na zuma a ruwan ɗumi ya ishe shi.

Mai ciwon suga ya lissafa zuma cikin zaƙin da yake sha. Mai fama da ƙwannafi ya bar na'a-na'a, don tana tayar da shi, shi kansa ƙwannafin kuma yana jawo tari. Mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin, da mace mai juna biyu, su tambayi likita kafin su riƙa shan citta da yawa. Shayin kanti kuma a duba jikin kwalin: idan akwai likoris (liquorice), wata saiwa mai zaƙi, a ciki, mai hawan jini ya ajiye shi, domin tana ɗaga jini.

Lokacin ajiye kofi a tafi asibiti

Tarin da ya kai makonni 2 bai fara sauƙi ba, musamman in akwai gumin dare, rama ko zazzaɓi, a je a yi gwajin tarin fuka. Jini a cikin kaki, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi ba sa jiran gobe. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 5 da ke numfashi sau 40 ko fiye a minti ɗaya yana kwance, ko haƙarƙarinsa na lotsawa in ya ja iska, ana tsoron namoniya, wato ciwon huhu, a garzaya da shi. Mai asma ya ci gaba da maganinsa na shaƙa, shayi ba ya maye gurbinsa. Wanda kuma busasshen tari ya kama shi bayan ya fara shan lisinofril ko kaftofril na hawan jini, ya koma wurin likitan da ya rubuta masa. Waɗannan magunguna suna jawo irin wannan tarin, kuma akwai wasu da za a iya sauya masa.