Darasi na 9: Bishiyar Kirsimeti da Rigakafin Gobara

Disamba tsakiyar hunturu ne. Labule a bushe, katifa a bushe, a lokacin kuma ake kafa bishiyar Kirsimeti a falo, a naɗe ta da ƙananan fitilu masu walƙiya.

Mataki na 1: Wurin kafawa. Ku bar tazarar mita 1, wato babban taku ɗaya, tsakanin bishiyar da kyandir, risho ko kaskon wuta. Kada ta tare ƙofa. Yawancin bishiyoyin da ake sayarwa a kasuwannin Jos da Kaduna na roba ne, roba kuwa idan ta kama narkewa take yi, baƙin hayaƙinta yana shaƙe mutum.

Mataki na 2: Cire filogi. Filogi shi ne kan wayar nan mai ƙafa biyu ko uku. Ramukan jikin bango da ake cusa shi ciki su ne soket. Ku kama kan filogin da yatsu, ku zare. Banda jan waya, kuma hannu ya zama a bushe. Ku gwada yanzu. Madalla, a hankali ake koyo. Ku sake.

Za ku kwanta? Ku cire filogi. Za ku tafi coci? Ku cire filogi. An ɗauke wuta? To, a nan aka fi yin sakaci. Da an ga fitilu sun mutu sai a ɗauka shi ke nan, a ja bargo. Alhali NEPA na iya dawo da wuta da tsakar dare da ƙarfi fiye da kima, waya ta ɗau zafi kowa yana barci. Ko da duhu, a haska tocila a cire filogi.

Haba jama'a! Kowace shekara sai na maimaita wannan, amma sai wata uwa ta ce min yara ne suke son ganin fitilu har su yi barci. In sun yi barcin, wa zai tashi? Ke ce babba, Mama. Ki tashi ki cire filogi.

Mataki na 3: Ku duba waya. Wadda ta saɓule ko ɓera ya ci, a yar da ita. Fitilun gwanjo daga Amurka na lantarki mai ƙarfin volt 120 ne, namu 230. In kun ga 120 kaɗai a rubuce, kada ku jona.

Mataki na 4: Idan ɗanyen reshe kuka kafa, ku zuba ruwa a gindinsa kullum.

Mataki na 5: In bishiyar ta kama da wuta, kada a watsa wa waya ruwa. Kowa ya fita, a kira 112.