Yadda za a haɗa manya da yara kallon Star Wars ba tare da an tashi baram-baram ba

Masoya Star Wars kashi uku ne, kuma kowane kashi yana ganin wanda ya kalla yana yaro shi ne na ainihi. Akwai waɗanda suka taso da finafinan 1977, 1980 da 1983 (su ne kashi na 4 zuwa na 6 a lambar labarin), akwai 'yan 1999 zuwa 2005 (na 1 zuwa na 3), sai waɗanda suka shigo bayan Disney ya sayi Lucasfilm, kamfanin da ke shirya finafinan, a 2012 ya fitar da wasu uku (na 7 zuwa na 9) tsakanin 2015 da 2019. In za ka tara su a ɗaki ɗaya, fara da daidaita jerin kallo, don a nan gardama take tashi.

Muddin akwai wanda bai taɓa gani ba, kada ka bi lamba daga kashi na 1 zuwa na 9. Babban sirrin labarin, cewa mugun fim ɗin, Darth Vader, shi ne mahaifin jarumin, Luke, a kashi na 5 yake fashewa. Wanda ya fara da na 1 zuwa na 3 ya riga ya ga yadda Anakin ya rikiɗe ya zama Vader, don haka in an zo wurin ko gezau ba zai yi ba, manyan kuma su ce yaran yanzu ba su san daɗi ba. Sa na 4, sai na 5, ka koma na 2 da na 3 a matsayin waiwaye, ka rufe da na 6. Masoya suna kiran wannan jerin Machete. Aibinsa shi ne yana jefar da kashi na 1 gaba ɗaya, alhali 'yan 1999 ba za su yafe a tsallake musu faɗan Darth Maul, mugun kashi na 1, ba. Gara ka saka shi kafin na 2, manya su daure da surutun ɗan barkwancin cikinsa, Jar Jar Binks.

Sai batun kwafi. A 1997 George Lucas, wanda ya ƙirƙiro Star Wars, ya yi wa finafinan farko kwaskwarima, ya ƙara halittun kwamfuta, ya kuma sauya fitowar da Han Solo, abokin Luke, ya harbe wani mai farautarsa, Greedo, aka mayar Greedo ne ya fara harbi. Gyararren kwafi ne yake kan Disney+, manhajar kallon finafinai ta Disney. Faɗa wa manyan tun kafin a kunna, in ba haka ba za a tsayar da fim ana musu a tsakiya.

Kowane fim ya haura awa biyu, saboda haka ɗaya ya isa a zama guda. Kashi na 3 yana da wurin da Anakin ya ƙone ƙurmus a duniyar Mustafar mai aman wuta, shi ne na farko a jerin da aka yi wa alamar PG-13, wato gargaɗin cewa wasu wurare ba lallai su dace da 'yan ƙasa da shekara 13 ba, sai a duba ƙananan yara.

Kafin a shiga ukun Disney, sa Rogue One na 2016. Yana ƙarewa daidai inda kashi na 4 ya fara, kuma da wuya ka ji wani ɓangare ya kushe shi sosai. Wanda zai raba kan jama'a shi ne kashi na 8, The Last Jedi na 2017, inda aka nuna Luke ya tsufa, ya fid da rai, ya ƙaurace wa kowa a wani tsibiri. Tsofaffin masoya da yawa sun ɗauki wannan cin fuska ne ga gwarzonsu. A hana sharhi har sai fim ya ƙare, sannan a ba mafi ƙanƙanta damar fara magana, don in babba ya riga shi, abin da ya ji shi zai maimaita.