Babi Na Bakwai: Maganin Tsutsar Ciki Da Yadda Ake Shan Sa

A unguwanni irin su Rigasa da Tudun Wada, idan yaro ya fara ramewa, cikinsa ya yi tulu, ko ya riƙa kukan ciwon ciki, abin da ake fara cewa shi ne tsutsa ce, kuma sau da yawa haka ɗin ne. Ƙwan tsutsa yana fita ne tare da bahayan mai ɗauke da ita, ya zauna a ƙasa, sannan ya shiga cikin wani ta hannu mai dauɗa ko ta latas da kabejin da ba a wanke da kyau ba. Akwai kuma wadda ke huda fatar ƙafar mai yawo ba takalmi, ta je hanji ta maƙale tana tsotsar jini har mutum ya yi fari fat.

Maganin da aka fi bayarwa shi ne albendazol. Babba, da yaron da ya cika shekara 2, ƙwaya ɗaya mai miligiram 400 suke sha, sau ɗaya tak. Yaron da ke tsakanin shekara 1 da 2 rabinta ake ba shi, wato miligiram 200, wanda kuwa bai cika shekara ba, ba a ba shi sai da umarnin likita. Akwai kuma mebendazol, wanda ake shan miligiram 500 sau ɗaya, ko miligiram 100 safe da yamma har kwana 3. Saboda haka idan uwa ta ce, "Malam, a ba ni maganin tsutsa," mai kyamis ɗin da ya san aikinsa zai tambaye ta, "Hajiya, shekarar yaron nawa?" kafin ya miƙa hannu kan kanta. Wanda bai tambaya ba, a ganina, gara a nemi wani.

Ga ƙaramin yaro, a murƙushe ƙwayar tsakanin cokali biyu, a ɗiga ruwa mai tsabta, a zaunar da shi a cinya a ba shi a hankali. Kada a toshe masa hanci a yi masa ɗura yana kuka, domin yana iya shaƙewa. Mace mai ciki ba ta shan waɗannan magunguna a watanni 3 na farko. Bayan nan ma'aikatan awo ne za su ba ta. Wasu kan ji tashin zuciya ko murɗawar ciki kaɗan, kuma yakan wuce da kansa.

Tsila, wadda ake ɗauka daga naman shanun da bai dahu ba, da tsargiya, wadda yara ke kamuwa da ita wajen wanka a kududdufi ko bakin kogi, maganinsu daban ne, wato firazikwantel. Ana auna shi da nauyi ko tsawon mutum, a sha bayan an ci abinci, don haka a je asibiti.

Albendazol yana kashe tsutsar da ke ciki ne a ranar, ba ya hana wata shiga gobe. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa yara sau ɗaya ko sau biyu a shekara a inda cutar ta yi yawa, kuma ana raba shi kyauta a makon kula da lafiyar mata da yara. Tsakanin wannan sha da na gaba, sai wanke hannu da sabulu, da sa takalmi, da zubar da kashin yara a masai.

Aikin gida: kowa ya samo kwalin maganin, ya kwafo sunan yadda aka rubuta shi, Albendazole, tare da lambar NAFDAC, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da watan da ke gaban haruffan EXP, wanda shi ne lokacin lalacewarsa. Za mu karanta su tare a aji.